Ranar da Farfesa Ya Ɗora Layinmu a Taswira

Shaguna goma sha huɗu ne a layinmu, bakwai a dama, bakwai a hagu, suna kallon juna. Nawa na ɗinki ne, ina fuskantar mai aski. Wanda ke manne da nawa kuwa na Farfesa ne, mai fotokwafi da hoton fasfo. Bai taɓa koyarwa a jami'a ba, ko ƙofarta ban jin ya taɓa shiga. Sunan ya samo shi ne ranar da ya tsare mai gyaran famfo da bayanin yadda ake gyaran famfo, awa guda cur, har ruwa ya malale shagon. Don tsokana muka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Abin ya faro ne lokacin da ƙungiyar masu shagunan layin ta tashi neman sakatare. Mutum biyu suka nuna sha'awa: Farfesa, da Dogo, wanda shi ma fotokwafi yake yi a shagon da ke kallon na Farfesa. Dogo ba shi da yawan magana. Farfesa kuwa yana da ta mutum biyar.

Wata safiya ya shigo shagona yana ɗaga waya sama kamar wanda ya ci kofi.

"Tela, ka san dalilin da ya sa ba ku ci gaba a layin nan?"

Na ce, "Ban sani ba, amma na tabbata zan sani yanzu."

"Ba ku cikin taswira! Duniya ba ta san da ku ba. Akwai taswira a intanet wadda kowa ke iya sa hannu ya ƙara abin da ya sani. Sunan shago, abin da ake sayarwa, lokacin buɗewa da na rufewa, ko mai keken guragu zai iya shiga, komai da komai. Masu baburan kai saƙo da baƙi duk da ita suke yawo. Zuwa gobe na sa layin nan a idon duniya."

"To madalla. Sai ka ɗauki littafi ka bi shago shago ka tambaya."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In tambaya? Ni? Shekara ashirin da biyu ina layin nan. Ko a barci aka tashe ni zan gaya maka kusoshi nawa ne a ƙofar kemis. Tambaya ta baƙo ce."

Haka ya koma shagonsa ya zauna ƙarƙashin fanka, ya miƙe ƙafa a kan kwalin takarda, ya yi aikin gaba ɗaya bai taka waje ba. Hoton layin da ya bayyana a wayarsa daga sama aka ɗauke shi, rufin kwano ne a jere babu suna. Farfesa ya ɗauki hagu a matsayin dama, ya manna wa kowane shago alamarsa a ƙofar wanda ke kallonsa. Kafin la'asar ya gama. Ya fito da tsani ya cire allon sunan shagonsa, ya jingine shi a bayan gida.

Mai aski ya leƙo ya ce, "Lafiya, Farfesa? Tashi za ka yi?"

"Zamanin allo ya wuce, ɗan'uwa. Wanda ke cikin taswira ba ya bukatar fenti."

Kwana huɗu ba abin da ya faru, Farfesa na ta zagaye yana karɓar godiyar da ba wanda ya yi masa. A rana ta biyar wata mota ta tsaya a ƙofata. Wata mata ta fito da ƙaton kare mai gashi buzu-buzu, igiya a wuyansa. Ta dubi wayarta, ta dubi keken ɗinkina.

"Nan ne wurin askin?"

Na haye teburin yanka kafin in amsa. Daga can sama na nuna mata tsallake.

Mai aski na tsakiyar gyara wa wani dattijo gemu sai ga kare ya shigo, ya zauna a gaban madubi yana haki. Dattijon ya fita da zanen aski a wuya da rabin gemu a fuska, ba mu sake ganinsa ba sai bayan mako biyu.

Matar ta ce, "A rage masa gashin kunne, a kuma yanke masa farce."

Mai aski ya manne da bango. "Baiwar Allah, mutane nake wa aski!"

Ta juya masa wayar. Ga sunan shagonsa, ga bayani a ƙasa: wurin aski da wankan dabbobi.

Da aka kira Farfesa, ko gezau bai yi ba. Ya ce ya ga ɗan hoton almakashi ne ya taɓa, ina ruwansa da ɗan tafin ƙafar karen da aka zana a gefe.

"Kuma in ka duba da idon kasuwanci, ƙara maka kwastomomi na yi. Da kana da kai ɗaya, yanzu kana da kai da jela."

Mai aski ya ce, "Farfesa, ka fita kafin in yi maka askin da ba ka nema ba."

Kafin mako ya ƙare an kawo masa kyanwa biyu da wani zomo.

Mai kemis ita ce ta biyu. Shagonta na kallon gidan abincin yayar Farfesa, wadda duk layin muke kira Yaya. Masu babur suka fara cika ƙofar kemis suna danna oda. Ɗaya ya shigo da hular kwano a kai ya ce, "Shinkafa da kaza, guda uku, an ce a yi sauri."

Mai kemis ta ce, "Akwai maganin ciwon ciki. In ka ci a wani wurin ka dawo."

Wannan duk wasa ne a kan abin da ya sami Yaya. Asabar ce ranar cinikinta mafi girma, ranar da iyalai ke fitowa. Asabar biyu a jere ta dafa tukwane cike, kujeru suka wuni babu kowa sai mu 'yan layi. Sai da wata tsohuwar kwastoma ta gamu da ita ta ce, "Ashe kin daina buɗewa ranar Asabar?" Yaya ta cire rigar girki, ta tsallako titi da ludayi a hannu.

Ita kaɗai ce a duniya ba ta kiransa Farfesa.

"Auta! Fito nan."

Ya fito yana gyara tabarau. "Yaya, a gaban mutane ki riƙa..."

"Wa ya ce maka ina rufewa ranar Asabar?"

"Ai ban taɓa ganinki a buɗe ba."

"Yaushe za ka gan ni, kai da kake wuni gidan kallon ƙwallo duk Asabar? Shekara goma sha ɗaya ina buɗewa! Kaji talatin na soya, Auta. Talatin! Yara sun ci kaza har sun fara roƙona in dafa musu wake."

"Ƙaramin kuskure ne na na'ura, Yaya. Irin wannan fasaha tana da zurfi, ba kowa zai..."

Ta ɗaga ludayin. Ya koma ciki ya sakaya ƙofa, ya ƙarasa bayanin ta taga.

Washegari wata budurwa ta turo mahaifinta a keken guragu har ƙofar gidan abincin. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya da daɗewa, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Daga wani gefen gari suka taso, mota biyu suka hau, saboda taswira ta ce wurin Yaya ba shi da matakala, keke na shiga har teburi. Suka tarar da matakala bakwai, masu tsayi, ba ko abin dafawa. Farfesa ashe duk shagunan layin ya danna wa "eh" a wannan gurbin, wai don kada a ce layinmu ya ci baya.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ƙirga matakalan da sandarsa, ya ce a kira masa wanda ya rubuta. Da Farfesa ya iso, tsohon ya ƙura masa ido, ya ɗan karkata kai.

"Kai ne? Ba kai ne na aji biyar, kujerar bakin taga ba?"

Farfesa ya washe baki, ya dube mu don mu shaida. "Ni ne, Malam! Kun gani? Malam bai manta da haziƙan ɗalibansa ba."

"Ina zan manta? Kai ne na ce ka zana taswirar makaranta ka sa rijiya a ofishina." Ya nuna matakalan. "Wata uku ban fita daga gida ba. Yau 'yata ta ce ta samo inda zan ci abinci a teburi kamar kowa. Ka san nauyin keken nan a hawan mota?"

Ba wanda ya yi dariya a nan. Mu huɗu muka ɗaga keken muka hau da shi, Yaya ta ba su abinci da hannunta tana ba da haƙuri. Farfesa kuwa ya tsaya a ƙasa yana gaya wa mai kemis cewa laifin magini ne.

Matar Farfesa ma'aikaciyar jinya ce, mace mai sanyin magana. Ta faɗa masa a gida cewa aikin nan gyara yake so, ya ce mata ta tsaya a kan allurarta. Ranar hutunta ta ɗauki littafi da biro da tef ɗin awo da ta ara a wurina, ta bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, lokacin da mijin ya tafi sayen tawada. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake buɗewa, ko ina ɗinkin mata, ko ina karɓar gyaran tsofaffin kaya. Ta auna faɗin ƙofata. Sannan ta buɗe nata shafin a taswirar da sunan Mai Tambaya, ta fara gyarawa. Duk layin mun sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba.

Da safe ya faɗo shagona ido jawur.

"Tela, an kawo mana hari! Wani wai shi Mai Tambaya ya bi aikina ya jujjuya. Ya kwashe alamomi ya mayar tsallake. Ɗan baƙin ciki ne, kuma na san wanda ya turo shi." Ya nuna shagon Dogo da haɓa.

Na ce, "Ka duba ko gyaran nasa daidai ne?"

"In duba me? Na riga na mayar da komai yadda yake."

Haka aka shiga yaƙi. Ta gyara da safe kafin ta tafi asibiti, ya warware da hantsi. Ta sake gyarawa da yamma, ta bar masa saƙo mai ladabi cewa an je an auna an tambaya. Ya amsa mata da cewa shi ba ya musu da jahilai waɗanda ba su taɓa taka layin ba. Kanti ɗaya ya yi ƙaura sau tara a kwana uku. Wani mai babur ya tsaya a tsakiyar titi yana kallon wayarsa ya ce, "Wallahi yanzun nan kemis ta tsallaka titi a gabana."

Ita da bakinta ta ba mu labarin yadda ake yi a gida. Tana zuba masa abinci yana zagin Mai Tambaya.

"Wannan mutumin, da ganin rubutunsa ko firamare bai gama ba."

"Allah sarki. In ƙara maka miya, Baban yara?"

"Ƙara. Kuma na tabbata mummuna ne."

"Zai yiwu," in ji ta.

Ana cikin haka ciniki ya ɗauke wa Farfesa ɗif. Injinsa ya wuni a kashe. A tsallake kuwa layi har waje a ƙofar Dogo, ɗalibai da masu neman aiki riƙe da takardu. Abin ya ɗaure masa kai, don a taswira ya zuba wa shagonsa kirari: fotokwafi mai kala, hoton fasfo cikin minti biyar, fanka da kujerun jira. Shagon Dogo kuma, a ɓoye, ya sa masa alamar an rufe har abada. Ya yanke hukunci cewa maƙarƙashiya ce, kuma zai tona ta a gaban kowa ranar zaɓen sakatare.

A gidan abincin Yaya aka yi taron, ranar Lahadi da yamma. Shugaban ƙungiya, mai shagon kayan gini, ya zauna a gaba. Farfesa ya zo da sabuwar riga wadda ni na ɗinka, ya haɗa wayarsa da babban talabijin na bango. Matarsa na can baya kusa da Yaya, jakarta a cinya.

"Jama'a," ya fara, "kafin ni, layin nan duhu ne. Na kawo haske. Amma akwai maƙiyin ci gaba a cikinmu, kuma yau zan nuna muku aika-aikarsa."

Mai kemis ta ɗaga hannu. "Farfesa, ga wani wuri can a gefe an rubuta tarihin gyare-gyare. Danna mana mu gani."

Bai taɓa lura da wurin ba. Ya danna da ƙarfin gwiwa. Sai ga jeri ya sauko, dogo kamar ba zai ƙare ba, kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, da ranar, da abin da ya rubuta. Shugaba ya sa tabarau ya fara karantawa da ƙarfi.

"Babban Farfesa ya mai da shagon aski wurin wankan dabbobi. Mai Tambaya ya gyara. Babban Farfesa ya sake mayarwa." Ya ɗago. "Sau shida?"

Mai aski ya miƙe, aka zaunar da shi.

"Babban Farfesa ya rufe gidan abinci ranar Asabar. An gyara. Ya sake rufewa."

Yaya ta ce, "Auta," a hankali. Wannan ya fi ihu ban tsoro.

Farfesa ya shiga dannawa yana neman hanyar fita, jerin ya ƙara gangarawa. Shugaba ya ci gaba. "Babban Farfesa ya sa wa shagon Dogo alamar an rufe har abada. Dalili: mai shagon ya tsufa, injinsa na cin takarda."

Kowa ya juya ga Dogo. Ya miƙe a hankali, sai da kansa ya kusa taɓa fanka.

"Shugaba, ni ba ƙorafi na zo yi ba. Godiya na zo yi." Ya nuna talabijin. "A buɗe taswirar a gani. Alamar shagon Farfesa, mai kala da fanka da minti biyar, a ƙofata take. Wadda aka rubuta an rufe har abada kuma a ƙofarsa take. Mutane su zo su ga shago ba allo, su duba waya ta ce an rufe, sai su tsallako. Wata guda ke nan ban huta ba. Har sabon inji na sayo. Sau uku Mai Tambaya na mayar masa da alamarsa ƙofarsa, gabana na faɗuwa, sau uku Farfesa na dawo mini da ita. Allah Ya saka da alheri, maƙwabci."

Dariyar da aka yi har masu wucewa suka tsaya a bakin matakala. Mai kemis ta kifa kai a teburi. Farfesa ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"To... to ko ma mene ne, wannan Mai Tambayar shi ya rikita ni! In namiji ne ya fito! Ya tsaya a gabana in ga idonsa!"

Matarsa ta miƙe. Ta buɗe jaka ta fito da littafin, ta zo ta ajiye a gaban shugaba, kowane shafi da shago ɗaya, da awo, da sa hannun mai shagon.

"Ba namiji ba ne, Baban yara," ta ce. "Ga idon nawa."

Farfesa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda abin ya ba mamaki, bai samu ko ɗaya ba.

"Ai... ai na sani," ya ce daga ƙarshe. "Tun farko na sani. Gwada ta nake yi. Horo ne. Duk abin da ta iya a gidana ta koya."

Yaya ta ce, "Zauna, Auta."

Ya zauna.

Ba a ɓata lokaci wajen zaɓe ba. Dogo ya zama sakatare da hannu goma sha uku. Farfesa ya sami ɗaya, nasa. Aka roƙi matarsa ta riƙe aikin taswira, aka kuma yanke cewa duk ranar da Farfesa ya sake taɓa alamar wani shago, mai aski ne zai yi masa hukunci yadda ya ga dama. Shugaba ya yi alkawarin siminti, za a yi wa ƙofar Yaya gangara ta keke, kuma Farfesa ne zai kwaɓa.

Muka fito gaba ɗaya muka tsaya a bakin titi ana ta mai da zance. Farfesa ya ware gefe yana kakkaɓe rigarsa, yana gaya wa iska cewa masu hangen nesa ba a taɓa gane su a zamaninsu ba. Sai ga wata baƙuwa da jariri a kafaɗa, da gani sauri take. Cikin mu duka, shi ta zaɓa, ina jin saboda tabarau.

"Don Allah, Malam, ta ina zan bi in fita babban titi?"

Farfesa ya gyara tsayuwa, ƙirji ya dawo. Ya miƙa hannu ya nuna dama da cikakken iko.

Mu goma sha uku, da matarsa, da wani mai babur da ba a ma san da shi ba, muka haɗa baki: "Hagu!"

Matar ta dube shi, ta dube mu, ta gyara riƙon jaririnta ta bi hagu.